Wa Zai Riƙe Mabuɗin Ɗakin Karatu A Dutsin-Ma Da Kurfi?

Wanda ya taso daga Birnin Katsina ya nufi kudu, ya ratsa ta Kurfi, bayan tafiyar kamar mil 40 zai sauka a Dutsin-Ma. In ya daɗe bai zo ba, lalle zai tarar garin ya sake. Dattawa sun san shi da kasuwarsa ta ran Laraba, da dutsen nan da garin ya samo sunansa, daga baya kuma da madatsar ruwa ta Zobe. Yanzu kuwa ya zama garin makarantu. Ga Kwalejin Horon Malamai ta Isa Kaita, ga kuma Jami'ar Tarayya wadda aka kafa cikin 2011, ɗaya daga cikin guda tara da Gwamnatin Tarayya ta buɗe a wannan shekara. Samari da 'yan mata daga kowace kusurwa ta Nijeriya suna kwana suna tashi a garin saboda neman ilmi.

Wannan abin farin ciki ne. Amma akwai wata sana'a wadda ilmin nan duka ya dogara a kanta, ga shi kuwa ba kasafai a ke jin uba ya ce ita ya ke so ɗansa ya koya ba, watau aikin laburare, tsaron littattafai da takardu da shirya su yadda mai nema zai samu. Dalilin da ya sa muka ɗauko zancen yanzu shi ne, ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan Ƙananan Hukumomi 774 rabonsu na kuɗin Tarayya kai tsaye. Ko da ya ke an ci gaba da gardama a kan yadda za a zartar da hukuncin har cikin 2025, duk da haka ya nuna inda a ke so alhakin ya koma. Ranar da Shugaban Ƙaramar Hukuma da Kansiloli suka zauna rabon kuɗin ayyuka, wani zai kawo shawarar a gina laburare. Muna so kafin ranar ta zo, akawunan da za su rubuta takardar shawarar, da malaman da za a tambaya, su san abin da ya faru sa'ad da aka gwada irin wannan a ƙasar nan tun da fari.

DARASIN ZAMANIN EN'E

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin 1939 da 1945, Gwamnati ta sa En'e-En'e su buɗe ɗakunan karatu a garuruwa, domin jama'a su riƙa samun labarin yaƙi daga jaridu da takardun Gwamnati. An yi ɗakuna, an sa benci da tebur, an kawo jaridu da 'yan littattafai. Abin da ba a tanada ba shi ne wanda ya san aikin. Galibi sai a ɗauko wani ƙaramin ma'aikaci a danƙa masa mabuɗi, albashinsa kaɗan, ba shi kuwa da wani matsayi na gaba da zai sa ran hawa. Da yaƙi ya ƙare, ɗoki ya kwanta, da yawa daga ɗakunan nan suka koma wurin hira da shan inuwa.

Masu mulki sun lura da wannan. Cikin 1944 an buɗe makarantar koyon aikin laburare a Achimota, ƙasar Gwalkwas, watau Gana ta yau, domin ƙasashen Afirka ta Yamma, amma ba ta wuce shekara guda ba aka rufe ta. Cikin 1952 Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa babban laburare a Kaduna, wanda ya riƙa aika wa ɗakunan karatu na En'e da makarantu akwatunan littattafai, yana kuma kiran masu tsaron ɗakunan su zo gajeren kwas. Cikin 1953 hukumar UNESCO ta yi taro a Ibadan a kan yadda za a kafa laburaren jama'a a Afirka. Cikin 1960 makarantar koyon aikin ta Ibadan ta fara ɗaukar ɗalibai, da taimakon kuɗin asusun Carnegie na Amurka.

Duk da haka Arewa ba ta warke ba. Cikin 1963 aka gayyato wani masani, Mr. F. A. Sharr, shugaban laburaren Ostareliya ta Yamma, ya zaga ya duba, ya rubuta rahoto. Ya tarar ɗakunan karatun En'e suna cikin mummunan hali, ya kuma ba da shawara a kafa makarantar koyon aikin a nan Arewa. Shawararsa ce ta haifi sashen koyon aikin laburare na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya cikin 1968. Abin lura a nan, Ibadan ta fi mai da hankali ga waɗanda suka riga suka sami digiri, Zariya kuwa sai ta buɗe ƙofa biyu, digirin farko da kuma difiloma, domin ta san Arewa tana bukatar hannuwa da yawa a tsakiya. Kano ta bi sahu cikin 1977, Maiduguri cikin 1978.

To, darasin a fili ya ke. Daga buɗe ɗakunan karatu zuwa buɗe makarantar masu tsaronsu an yi fiye da shekara ashirin, a cikin shekarun nan kuwa aka yi hasarar dukiya mai yawa. An sayi sirdi tun ba a sami doki ba. Cikin 1976 aka rushe tsarin En'e, aka kafa Ƙananan Hukumomi, amma al'adar nan ta danƙa mabuɗi ga wanda bai koyi aikin ba ta bi mu har yau.

MENE NE AIKIN?

Mutane da yawa suna tsammanin aikin laburare zama ne a bakin ƙofa da hana surutu. Bari mu zana abin da a ke koya wa mai wannan sana'a, kowa ya auna da kansa.

Da fari akwai zaɓen littattafai. Kuɗi ba su taɓa isa, saboda haka tilas ya san mutanen garinsa, ya san abin da manomin rani na bakin Zobe zai nema, da abin da yarinya mai shirin jarrabawar fita sakandare za ta nema. Sa'an nan akwai rajista. Kowane littafi ya shigo a ba shi lamba, a rubuta ranar zuwansa, da inda ya fito, da kuɗinsa, a buga masa hatimi. Akawun da ya taɓa riƙe littafin baitulmali ya san amfanin wannan, don abin da ba a rubuta ba in ya ɓace ba mai cigiyarsa.

Bayan rajista sai kasawa. Wani Ba'amurke, Melvil Dewey, cikin 1876 ya kasa ilmi gida goma, kowane gida da lambarsa, kowane kuma ya rarrabu. Littafin noma yana ƙarƙashin 630, na addinin Musulunci 297, tarihi da labarin ƙasa 900. Wanda ya koyi wannan a Dutsin-Ma, in ya shiga laburaren jama'a a Alƙahira ko London da a ke bin tsarin, ba sai an yi masa jagora ba. Manyan jami'o'inmu kuwa galibi suna bin wani tsari dabam, na laburaren Majalisar Amurka, mai haɗa baƙaƙe da lambobi, shi ma sai an koya. Daga nan sai rubuta katin kowane littafi, da sunan mawallafi, da sunan littafin, da abin da ya ƙunsa, domin mai nema ya same shi ko ta wace hanya ya biyo. Dā a kan kati a ke yi, a jera cikin aljihun kabad. Yanzu da kwamfuta a ke yi, akwai ma manhaja ta kyauta mai suna Koha wadda laburare da yawa a Nijeriya su ke aiki da ita.

Sai kuma ba da aro da karɓowa, da amsa tambaya, da tsare littafi daga abokan gabansa. A ƙasarmu abokan gaban littafi huɗu ne: gara, da ɓera, da ƙurar hunturu, da yoyon damina. Wanda ya koyi aikin ya san ba a jingina kanta da bango mai danshi, ba a ajiye kwali a ƙasa, ya iya ɗinke littafi in ya fara zubewa tun bai zama tsumma ba. Wannan duka sana'ar hannu ce da ta kai, kamar ɗinki ko aikin asibiti, ba a kuwa haifar kowa da ita.

MATAKAN TSANI

Ga matashin da ya ke so ya shiga, tsanin yana da mataki uku a tsarin aikin Gwamnati. Na ƙasa shi ne mataimaki, wanda a ke ɗauka da takardar sakandare, ya koyi jera littattafai da ba da aro a bakin aiki. Na tsakiya shi ne jami'in laburare, mai difiloma. A kwalejojin fasaha a kan yi shekara biyu a sami ƙaramar difiloma, a fita a yi aikin gwaji shekara guda, a komo a yi shekara biyu a sami babba. Hukumar ilmin fasaha ta ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa cikin 1977, ita ke duba manhajar, Kwalejin Fasaha ta Kaduna kuwa tana cikin masu koyar da wannan fanni. Na sama shi ne mai digiri, shekara huɗu a jami'a. A cikin Jihar Katsina, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa tana da sashen wannan ilmi, ga kuma Zariya da Kano ba nisa. Doka ta 12 ta 1995 ta kafa majalisar yi wa ma'aikatan laburare rajista, ita ke da ikon faɗin wanda ya cancanci a kira shi cikakken ma'aikacin laburare.

Tsani dai ga shi a kafe. To, ina matsalar ta ke?

INDA GIƁIN YA KE

Matsalar ita ce ruwa ba ya gangarowa inda ƙishirwa ta fi tsanani. Mai digiri idonsa yana kan jami'a da kwaleji, ba mu kuwa ga laifinsa ba. A jami'a a kan lissafa shi cikin malamai, albashinsa da ƙarin girmansa suna tafiya da nasu. Har wa yau asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta tsara, yana ware wa manyan makarantun Gwamnati kuɗin raya laburare. Makarantun firamare da sakandare da ɗakin karatun gari ba su cikin wannan asusu. Sakamakon haka, a gari ɗaya sai a sami laburaren jami'a da ƙwararru da kwamfutoci, a bayan katangarsa kuwa ga makarantar firamare wadda littattafanta su ke ƙulle cikin kwali a ofishin Hedimasta.

Ƙidayar 2006 ta nuna Ƙaramar Hukumar Dutsin-Ma tana da mutane fiye da 160,000, Kurfi kuwa fiye da 110,000, ba shakka kuma sun ƙaru ƙwarai tun daga lokacin. Kaɗan ne daga cikinsu za su taɓa riƙe katin laburaren jami'a. Sauran, in za su sami littafi, a makarantar garinsu ko ɗakin karatun garinsu za su same shi.

Manufar Ilmi ta Ƙasa, tun fitowarta ta fari cikin 1977, ta ambaci laburare cikin abubuwan da ya kamata makaranta ta mallaka. Me ya hana? Mun ga dalilai uku. Na ɗaya, a yawancin makarantu ba a ware gurbin mai laburare cikin jerin ma'aikata ba. Sai a dubi malamin Turanci ko na Hausa a ce ya haɗa da laburare, alhali yana da aji cike da yara tun safe har azahar. Malamin nan kuwa ya san littafin da ya ɓace a wuyansa zai faɗa, don haka hanya mafi sauƙi gare shi ita ce ya kulle ɗakin. Duk malamin da ya karanta wannan ya san ba ƙage muka yi ba.

Na biyu, kuɗin gini daban, kuɗin tafiyar da aiki daban. Gini a kan yi shi sau ɗaya, a yanka ƙyalle, a ɗauki hoto. Albashin mai tsaro da kuɗin jarida da maganin gara kuwa kowane wata ne, ba su da bikin buɗewa, shi ya sa su ne na farkon faɗuwa in an zo rage kasafi. Na uku, raini. Muddin a na tura mutum laburare don an rasa inda za a kai shi, ko don a hore shi, to, yara masu ƙwazo ba za su yi sha'awar sana'ar ba.

A kan waɗannan kuma ga rashin zaman lafiya. Cikin Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, Gwamnatin Jiha ta rufe makarantun kwana. Ƙauyukan Kurfi da Dutsin-Ma da Safana da Batsari sun sha wuya a shekarun nan. Makarantar da aka rufe wata da watanni, gara ba ta tafi hutu tare da yara ba. Wannan kuma ya ƙara nuna amfanin horar da 'yan gari, domin baƙon ma'aikaci in hankali ya tashi neman canjin wuri zai yi, ɗan gari kuwa nan ne gidansa.

WAYA TA MAYE GURBIN LITTAFI NE?

Wani zai ce, wannan duk zancen jiya ne, yau kowa yana da laburare a aljihunsa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, ba za mu raina ta ba. Amma mutanen Dutsin-Ma da Kurfi sun fi kowa sanin iyakarta. Cikin Satumba 2021 aka yanke layukan waya a Ƙananan Hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda yaƙi da 'yan bindiga, waɗannan biyu suna ciki, aka yi watanni a haka. Ɗalibin da karatunsa duka ya ke cikin intanet, ranar nan ya wayi gari hannu rabbana. Ko a lokacin lafiya ma, waya tana bukatar caji da kuɗin data, ba kowane gida ke da su kullum ba.

Bugu da ƙari, yawan labari ba ya rage bukatar mai tacewa. Kasuwar Laraba ta fi shagon unguwa kaya, amma a nan ne baƙo ya fi bukatar dillali mai amana. Abin da a ke koya wa mai laburare a yau ya haɗa da sanin inda a ke samun sahihin bayani a intanet, da bambanta shi da jita-jita, da koya wa mutane su yi haka da kansu. Tun daga 2015 jarrabawar shiga jami'a ta JAMB da kwamfuta a ke yin ta gaba ɗaya. Yaron ƙauye wanda bai taɓa dafa kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, an cuce shi tun bai karanta tambaya ba. Ɗakin karatu mai kwamfuta biyar da wutar sola da mutum guda da ya san aikinsa zai rage wannan cuta. In babu mutumin, kwamfutocin ma ƙura za su sha kamar yadda littattafan En'e suka sha.

Ku kuma akawuna, wannan sana'a 'yar'uwar taku ce. Fayil ɗin filaye, da rajistar ma'aikata, da takardun fansho, da bayanan zaman majalisa, duk ilmin shiryawa ɗaya su ke bukata. Dokar 'Yancin Samun Bayani ta 2011 ta wajabta wa ofisoshin hukuma su tsare takardunsu cikin tsari, su kuma amsa wa mai nema cikin kwana bakwai. Ofishin da takardunsa su ke jibge cikin buhu a sito, ko wata bakwai aka ba shi ba zai amsa ba. Tsohon ma'aikaci nawa ne ya yi ta safa da marwa a kan haƙƙinsa don an ce fayil ɗinsa ya ɓace?

GADON DA KE CIKIN GAFAKA

Akwai kuma wata dukiya wadda ba a sayo ta daga Ingila ba. Ƙasar Katsina ƙasar malamai ce tun kafin zuwan Turawa da ɗaruruwan shekaru. Shaihu Al-Maghili ya sauka a cikinta wajen ƙarshen ƙarni na 15. Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani sun yi zamani cikin ƙarni na 17. Muhammadu Al-Kashinawi, masanin lissafi da taurari, ya rasu a Alƙahira cikin 1741, littattafansa suna nan a ajiye a ƙasashen waje. A gidajen malamai da alƙalai da hakimai na ƙasar nan akwai takardu na Larabci da na ajami cikin gafaka da adudu, wasiƙu da hukunce-hukunce da waƙoƙi da tarihin zuriya. In mai su ya rasu, magada sukan raba su kamar yadda a ke raba tufafi, rabin littafi ya tafi wannan gida, rabi wancan.

Abin da ya faru a Timbuktu ishara ne. Cikin Janairu 2013 'yan tawaye suka ƙone dubban takardu a cibiyar Ahmad Baba. Mafi yawan dukiyar garin kuwa ta tsira, domin ma'aikatan laburare da iyalan masu takardun, bisa jagorancin Abdulƙadir Haidara, sun riga sun kwashe su a ɓoye cikin akwatuna zuwa Bamako. Sun iya yin haka don sun san abin da ke akwai da inda ya ke. A nan Arewa, Gidan Arewa da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna suna irin wannan aiki, amma ba za su iya shiga kowane zaure a Kurfi ba. Nan ne muka ga wata dama ga yaran da suka yi karatun allo da Islamiyya sa'an nan suka gama sakandare. Wanda ya iya karanta ajami da rubutun Magaribi, in aka ƙara masa ilmin rajista da ɗaukar hoton takarda, ya mallaki abin da masu digiri da yawa ba su da shi.

Ba tsofaffin takardu kaɗai ba. Marigayi Alhaji Ahmadu Kurfi, Maraɗin Katsina, Hakimin Kurfi, wanda ya riƙe Sakataren hukumar zaɓe ta ƙasa lokacin zaɓen 1979, ya wallafa littafi a kan zaɓen 1959 da na 1979. Ya kamata a ce yaron Kurfi da ya ke son karanta shi ya same shi cikin garinsu, ba sai ya hau mota zuwa Zariya ba.

GARGAƊI GA MASU SHA'AWA

Ba za mu ruɗi matasa ba. Difiloma ba ta haifar da gurbin aiki, akwai kuwa masu takardar wannan fanni da su ke zaune ba aiki. In aka yi ta horar da mutane alhali ba a buɗe gurabe ba, an ƙara yawan masu zaman kashe wando ne kawai. Saboda haka gurbi shi ne gaba, horo ya biyo baya. Wanda kuma ya shiga fannin, kada ya tsaya ga kanta da kati. Ya ƙware a kwamfuta, ya koyi ɗinkin littafi, ya koyi tsare fayil. Asibitoci suna da ɗakin katin marasa lafiya, kotuna suna da rajista, gidajen rediyo suna da ma'ajiyar faifai, duk masu wannan ilmi su ke nema. Ga 'yan mata kuma sana'a ce mai kyau, domin akwai matan aure da yawa da ba za su shiga ɗakin karatu ba sai in mace ce a bakin tebur, ko an keɓe musu rana.

SHAWARARMU

Ga Shugabannin Ƙananan Hukumomin nan biyu da Kansilolinsu, kada a amince da kuɗin ginin laburare sai an ga layin albashin mai tsaronsa da na sayen littattafai cikin kasafi ɗaya. Tsarin Mulki na 1999 ya sa Ƙananan Hukumomi cikin masu ɗaukar nauyin ilmin firamare da na manya da na sana'a, saboda haka ba a fita daga hurumi ba. In kowace ta tura mutum biyu kwas a shekara, da sharaɗin su komo su yi wa garinsu aiki, cikin shekara biyar an sami ashirin. Kuɗin wannan bai kai na ginin aji biyu ba.

Ga Kwalejin Isa Kaita, ita ke yaye malaman da za a danƙa wa mabuɗan nan ko sun so ko sun ƙi. Muna roƙo kowane ɗalibi, kafin ya karɓi takardarsa, ya yi makonni yana aiki da hannunsa a laburaren Kwalejin, ya yi rajista, ya kasa, ya ba da aro. A lokacin dogon hutu kuma a kira malaman da su ke bakin aiki gajeren kwas, irin wanda Kaduna ta riƙa yi wa ma'aikatan En'e. Alhaji Isa Kaita, Wazirin Katsina, wanda Kwalejin ta ci sunansa, Ministan Ilmi ne na Jihar Arewa a zamanin Sardauna, ba abin da zai fi dacewa da sunansa kamar wannan.

Ga Jami'ar Tarayya, ƙwararrunta su ɗauki makarantun da ke kewaye da ita kamar ƙannensu, su riƙa leƙa su, su karɓi ma'aikatan Ƙananan Hukumomi su koyi aiki a wurinsu. Ga Hukumar Laburare ta Jiha da hukumar ilmin firamare, a ware wa malamin da aka horar sa'o'i cikin jadawali, a rage masa darussa, a kuma yarda cewa littafin da ya tsufa a hannun yara ba hasara ba ce. Ga Yandakan Katsina da Maraɗin Katsina da dagatansu, su ne za su iya shawo kan masu tsofaffin takardu su yarda a rubuta sunayensu a ɗauki hotonsu, takardun kuwa su zauna a hannun masu su.

Ku malamai da akawuna, ba sai kun jira kowa ba. Gobe in kun je aiki, ku buɗe kwalin nan, ku kakkaɓe, ku samo littafin rubutu guda ku ba kowane littafi lamba, ku ɗora su a kan katako nesa da ƙasa. Ku zaɓi yara biyu masu natsuwa su taimake ku ba da aro ran Alhamis a karɓa ran Litinin. Wataƙila cikin yaran nan biyu ne za a sami wanda zai riƙe laburaren garin nan gaba. Allah ya sa a dace.